Romon Malam Haruna a Ranar Layya

Duk tsawon shekarun da na yi a bakin murhu, ban taɓa mantawa da ranar Layyar da na hana Malam Haruna soyayyen nama ba. Ku da kuke koyon girki a hannuna, ku buɗe kunne.

Malam Haruna malamin fiƙihu ne a nan birnin Sakkwato. Lokacin ya haura shekara tamanin, haƙora huɗu suka rage masa. Ni ke riƙe da madafar gidansa: ni ke auna hatsi, in raba aiki tsakanin masu daka da masu tuƙi, kuma ba akushin da zai fita sai na ɗanɗana. Tun rasuwar matarsa, babban ɗansa Magaji ke ba ni umarni.

Ga yadda ake yi. Ran goma ga Zulhajji, in an sauko idi sai a yanka raguna, a tsire su a jikin itace kewaye da wuta. Kayan ciki kuwa a soya su da kitse, su ake ci ranar. Rabon nama sai washegari. A Layyar da ta gabaci wannan an cika wa Malam akushi da wannan suya, ya ci don kada a ce ya raina. Kwana shida ya yi kwance da kumburin ciki, har aka fara fitar da rai. Tun daga nan na ƙudura ba za a sake ba.

Ranar, ina karɓar nama na ware hanta da tsoka, na yanke kitsen kaf. Na dafa su da albasa da citta da daddawa har suka yi lugub, ko da dasashi a ci. Na tuƙa tuwon shinkafa mai taushi, na zuba zogale a romon, na dama kunun tsamiya.

Magaji ya leƙo, ya buɗe akushi, ya ɓata rai.

"Inna Hajo, mi na wanga? Raguna bakwai munka yanka, a ce mahaifina na shan romo awa majinyaci?"

Na ce, "Magaji, bara suya kunka ba shi, kun ga abin da ta yi. Cikin tsoho ba shi san Sallah ba."

"In baƙi sunka gani, ina za mu sa fuska?"

"Ranka shi daɗe, in ka so ka karɓe mini madafa. Amma da hannuna ba ni zuba mai kitse."

Ya ce to, amma a kai wa Malam can ɗakinsa, kada baƙin zaure su gani. Na yarda. Nan ne ni ma na yi kuskure.

Akushi ya dawo ko taɓawa ba a yi ba. Bayan azahar na sake aikawa, ya sake dawowa. Ga tsoho tun asuba bai sa kome a baki ba, ga zafin rana. Magaji ya ce in la'asar ta yi bai ci ba, suya za a kai, ni kuma in nemi wani gidan.

Na yafa gyautona na tafi da kaina, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, gishiri ya yi yawa?"

Ya ce, "Hajo, ƙanshinai ma ya ishe ni shaida. Amma yau Sallah ta. Ina jin dariyar mutane a zaure, ni an aje ni nan ni ɗaya. Shekara sittin ban ci abincin Sallah ni kaɗai ba."

Na fita na sami Magaji, na tambaye shi tsofaffi nawa ne a zaure. Ya ce uku, har da Malam Dikko, abokin karatun mahaifinsa. Na ce ya je ya duba ko sun ci naman da aka ajiye musu. Ya dawo yana sosa ƙeya. Ashe Malam Dikko tun ɗazu tsoka ɗaya yake juyawa a baki, ya kasa taunawa, kunya ta hana shi faɗa.

Na juye romon a babban akushi, na ƙara tuwo. Aka riƙo Malam zuwa zaure, aka shimfiɗa musu buzu su huɗun wuri ɗaya. Daga madafa ina jin Malam Dikko yana cewa, "Wa yad dahwa wanga? Yau na san an yi Sallah!" Sau biyu aka aiko neman ƙari.

Washegari Malam da kansa ya zauna ya lura da rabon nama. A rana ta uku ɗalibansa suka ɗauki karatu a wurinsa. Magaji bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne, amma ya aiko mini da cinyar rago guda, ya ce daga yau akushin tsofaffi shi zai riƙa fara fita.

Abin da na koya ke nan. Masu gida kan auna girmamawa da yawan maiƙo, ke kuwa mai girki ki auna ta da abin da tsoho zai iya taunawa ya kwana lafiya, ki kuma tsaya a kan haka ko an ɗaure miki fuska. Amma kada ki tsaya a tukunya kawai. Kafin ki rufe akushin tsoho, ki tambaya da wa zai ci.