Shekara Biyun da Abu Ra'id Ya Samu

A ƙauyensu da ke gangaren duwatsun Ajlun ba mai kiran Miflih da sunansa sai takardun hukuma. Abu Ra'id ake ce masa. Ya yi shekara ashirin yana tuƙa motar soja, da ya ajiye aiki ya dawo ya rungumi itatuwan zaitun da mahaifinsa ya bar masa. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa da son tsokana, wanda in ya shigo gidan biki ake jin muryarsa kafin a hango jan rawaninsa.

A kakar zaitun ta shekarar da ya cika hamsin da ɗaya tsani ya zame da shi. Ba wata faɗuwa ba ce mai nisa. Da kansa ya tashi ya karkaɗe wando, har yana zagin tsanin. Bayan kwana uku ya kasa sunkuyawa ya ɗaura takalmi.

Sau biyu aka yi masa aiki a baya a Amman, na biyun har da ƙarfe da kusoshi. Ƙashi ya haɗe, ciwo bai tafi ba. Likitan ya ɗaga hoton bayan ya ce komai ya zauna daidai.

"To a sallami hoton ya tafi gida," in ji Abu Ra'id, "ni a bar ni a nan."

Wannan ce kusan raha ta ƙarshe da aka ji daga bakinsa a shekarun nan. Zogin daga ƙugu yake tasowa ya bi ƙafar hagu har babban yatsa, kamar ana tsiyaya tafasasshen mai a cikin jijiya. Ko bargo ya taɓa ƙafar sai ya yi ƙara. Ƙwayoyin da aka ba shi ba sa kashe ciwon, shi suke kashewa: ya zauna baki buɗe, a yi masa magana ya amsa bayan an manta. Salla ta koma kan kujera. Masu zuwa dubiya suka yi ta raguwa har suka ƙare.

Matarsa Fathiyya, Ummu Ra'id, ita ta ɗauki komai. Ita ke neman masu tsinkar zaitun, ita ke bin buhuna zuwa injin matsar mai, ita ke durƙusawa ta wanke masa ƙafa in zai yi alwala. Ɗansu Ra'id yana aiki a Kuwait, 'yarsu Lubna tana koyarwa a Irbid. Don haka duk baƙar maganar da ciwo ya dafa a cikinsa, a kanta take sauka. Wata rana ya yi jifa da kofin shayi saboda ta taɓa gadon da gwiwarta. Ta share gilasan, ta sake haɗa wani. Shekara tara aka yi a haka.

Lubna ce ta ji labarin wata likitar masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Dakta Ghada, ta matsa sai da suka je. Likitar ba ta yi musu alkawarin komai ba.

"Baffa, ciwon nan ba zan iya cire shi ba," ta ce. "Wayoyi biyu sirara za mu zura kusa da lakar bayanka. Suna sakin 'yar wuta kaɗan, ta rikita saƙon ciwon kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. Za mu gwada na mako guda tukuna."

"Wato wutar lantarki za ku ja min kamar sabon gini?"

"A ja masa, likita," in ji Fathiyya. "Ko Allah zai sa ya yi haske."

Idonsa biyu aka yi aikin, yana kife, domin shi ne zai faɗa musu inda yake jin abin. Likitar tana matsar da wayar tana tambaya.

"Ina kake ji yanzu?"

"A cinya. Kamar tururuwa na yawo."

"Yanzu fa?"

"Gwiwa."

"Yanzu?"

Tururuwar ta gangara ƙwauri, ta shiga tafin ƙafa, ta kai babban yatsa, kuma duk inda ta bi wutar nan ta lafa. Ma'aikaciyar jinya ta leƙa fuskarsa ta ga hawaye na ɗiga a kan matashi. Ta tambaye shi ko zafi yake ji. Ya girgiza kai.

A makon gwajin, da batir manne a bayansa da filasta, ya taka da ƙafarsa har ƙofar masallaci. Bayan wata guda aka dasa masa na dindindin, batir kamar akwatin ashana a ƙarƙashin fata, sama da kwankwaso, aka ba shi ɗan rimot na ƙarawa da ragewa da ɗamarar yin caji. Likitar ta ja masa kunne: ban da sunkuyo mai zurfi, ban da ɗaukar nauyi, domin in wayar ta goce ko da faɗin yatsa ne, an koma gidan jiya.

Ciwon bai ɓace ba, amma ya zama abin da mutum zai iya zama da shi ya ci abinci. Aka yaye shi daga ƙwayoyin sannu a hankali, hankalinsa ya dawo, bakinsa ma ya dawo. Ƙanensa Sudƙi ba ya wucewa ta ƙofar gidan bai ɗaga murya ba.

"Abu Ra'id! An yi caji kuwa yau, ko in zo da batirin tarakta?"

"Kawo naka na kai, ai shekara hamsin ba a taɓa amfani da shi ba!"

Fathiyya kuwa takan ɗauke rimot ɗin ta sa a aljihun rigarta, ta ce in ya ishe ta da surutu za ta rage shi. Ya so ya roƙe ta gafarar shekarun nan, harshensa ya yi nauyi. Sai ya koma kullum da safe shi ke dafa mata shayi da ganyen maramiyya ya kai mata har inda take.

A wajen kai shayin ne ya lura hannunta ya zama ƙashi. Shekara guda ke nan da wata huɗu da dasa na'urar. Ya tsare ta da tambaya, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta kama hannunsa ta ɗora a gefen ƙirjinta. Ƙullutu ne mai tauri kamar dutse.

"Tun yaushe?"

"An jima."

"Fathiyya, tun yaushe?"

"Tun kafin a yi maka aikin nan."

"Kika yi shiru?"

"Gidan nan zai ɗauki majinyata biyu ne, Abu Ra'id? Wa zai ba wani ruwa?"

A asibiti aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya kai ƙashi da hanta. Aka yi abin da za a iya, aka dawo da ita gida.

Wata takwas ya yi yana jinyarta. Ya koyi dafa miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan, ko da yake cokali uku take sha ta kau da kai. Yana zama a ƙaramar kujera ya wanke mata ƙafa, bayansa a miƙe kamar yadda aka koya masa. In za a juya ta sai ya kira matar Sudƙi, yana tsaye yana kallo, abin yana cinsa. Wata la'asar, an fito da ita inuwar inabin tsakar gida, ya samu ya faɗi maganar.

"Ummu Ra'id, shekarun nan na cuce ki. Ki yafe min."

"Ba kai ba ne, ciwo ne."

"Bakina ne dai."

"To na yafe wa bakin," ta ce. "Gyara min matashin nan, ka cika surutu."

Ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi. Ra'id bai samu jirgi ba sai na washegari, ba a kuwa jira da gawa. A maƙabarta Sudƙi da wan Fathiyya suka tuɓe takalma za su shiga kabarin. Abu Ra'id ya miƙa wa wani sandarsa.

"Yaya, bayanka," in ji Sudƙi a hankali. "Ka bari mu yi."

"Shekara tara tana ɗauke da ni. Matsa."

Ba wanda ya iya hana shi. Ya sauka, aka miƙo ta, ya karɓe ta a hannuwansa. Ba ta da wani nauyi, amma sai da ya sunkuya har ƙasa kafin ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla. Nan ya ji wani abu ya fizge shi a haƙarƙari. Mutum uku ne suka jawo shi waje.

Kwana ukun zaman makoki yana zaune ana zagayawa da gahawa, yana amsa gaisuwa, tururuwar tana yawo a haƙarƙarinsa inda ba ciwo, ƙafar kuwa tana ci da wuta kamar da. Mutane suka ga yana gumi suka ɗauka baƙin ciki ne. Bai gaya wa kowa ba. Ya kashe na'urar ya jefa rimot ɗin a aljihun tebur.

Sai bayan wata biyu Lubna ta ga rimot ɗin a can tana neman almakashi.

"Baba, me wannan yake yi a nan?"

"Hutawa yake."

"Wallahi Baba ba ka kyauta ba! Mama ta ɓoye nata, kai ma ka ɓoye naka? Ni kaɗai za ku bari?"

Kukanta ne ya sa ya shiga mota zuwa asibiti. Hoto ya nuna waya ɗaya ta goce, ɗayar ta karye. Dakta Ghada ta tambaye shi me ya ɗauka, ya gaya mata. Ba ta yi masa faɗa ba.

An sake aikin, amma nama ya riga ya yi tabo a wurin, sababbin wayoyin suka ƙi zama inda na farko suka zauna. Yanzu na'urar tana rufe masa daga ƙugu zuwa gwiwa. Daga gwiwa zuwa ƙasa sai haƙuri. Zaitun ɗin ya bar wa Sudƙi, Lubna kuma ta nemi canjin makaranta ta dawo ƙauyen da mijinta.

Lokaci-lokaci likitar takan turo masa waɗanda ke tsoron aikin su ji daga bakin wanda aka yi wa. Kwanan baya wani direban tasi ya zo daga Jarash, yana zama a gefe ɗaya na kujera irin zaman da Abu Ra'id ya sani. Abu Ra'id ya ɗage riga ya nuna masa tudun batirin, ya bar shi ya taɓa, ya gaya masa yadda ake caji da yadda ƙofar manyan kantuna ke yin ƙara in ya wuce. Bai ɓoye masa cewa nasa ya lalace ba.

"To Baffa, da za a mayar da kai baya, za ka yarda a yi maka?"

"Shekara biyu na samu," in ji Abu Ra'id. "An buƙace ni a cikinsu, kuma ina tsaye. Kai naka ban sani ba. Je ka gwada na makon."

Da baƙon ya tashi tafiya, Abu Ra'id ya dafa sanda zai raka shi ƙofa. Ya yi taku biyu, ƙafar ta ƙi. Ya koma ya zauna, ya kira Lubna ta fitar da mutumin.