Ranar da auta ya fidda wanshi daga gurup

Ni ban yi lakkol ba, makarantar boko ke nan, allo ma ban wuce abin salla ba. Faɗi nike ana rubutawa. In magana ta karkace a bar ta hakanan, haka ta fito.

Ɗiya bakwai na haifa, huɗu sunka rayu, biyu daga ciki maza: na fari da auta. Na farin, tun da ya faɗo duniya ban taɓa kama sunanshi ba. Haka munka tarar, ɗan fari kunya ne. Ba ki kiran sunanshi, ba ki duban idonshi, ba ki yi mishi wasa gaban mutane. Ranar da anka yaye shi, gwaggonshi, yayar ubanshi, ta goya shi ta tafi da shi Sabon Gida. Can ya yi wayo, can anka sa shi lakkol, daga can ya wuce Madawa. Bai dawo garinmu nan ƙasar Allakaye ba sai da gemu. Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƴan gidan gwaggonshi na faɗi. Ni kuwa in zan yi mishi magana sai in dubi wani in ce, "A gaya mishi tuwo na nan." Shina zaune gabana, ya ji, wancan ya maimaita, sannan ya amsa. Shekara hamsin da ɗoriya muna haka, ba wanda ya taɓa ganin aibu ciki.

Autan kuwa bisa cinyata ya girma. Duk abin da na sani na da, shi ya kwashe shi, don yaro ne mai tambaya awa alƙali. Yanzu malamin lakkol ne a Babankatami, matarshi na wurina, shi kuma sai ƙarshen sati muke ganinshi.

Shi ya buɗe ma ƴan garinmu gurup cikin salula, don na gida da masu cin rani su riƙa jin juna. An haihu, an rasu, ruwa ya sauka, rijiya ta rufta: mutum ya danna ya yi magana, na Abijan ya ji, na Agadas ya ji, ni ma da ban san baƙi ba in ji. Makullin na hannun auta. Shi ka shigo da mutum, shi ka fidda mutum. Kuma tun farko ya kafa doka da bakinshi: mai parti ya faɗi ranar mitin ɗinshi, ya yabi abin da zai yaba, amma ba a taɓa uwa, ba a taɓa uba, ba a taɓa asali. Wanda ya taɓa, waje, sai ranar da ya janye da muryar da ya yi zagin.

Sai ga zaɓen konseye, wato wakilai a majalisar komin, hukumar da ke riƙe da garuruwanmu. An gama ɗaurin damma, hatsi ya shiga rumbu, mutane sun samu bakin magana. Na farina konseye ne, shina son komawa. Wanda ke ja da shi wani yaro ne na garin da ke bisa dutse gabas da mu, ɗan wata parti. Gari ya tsage biyu. Masu shayi sunka raba tukunya. Mata bakin rijiya sunka koma kowa na riƙe wa ƴar partinsu layi. Har zaman makoki na ga an shimfiɗa tabarma biyu da rata tsakaninsu, na ce to, wanga kuma sabon salo.

Ranar da abin ya faru hantsi ne. Ina zaune gindin zana ina ɓarar wake, surukata na daka, ta jingina salula jikin ƙwarya tana sako muna muryoyin gurup ɗaya bayan ɗaya. Wani na cigiyar akuya. Wani na gaida kowa da kowa har sai da ta ce, "Wanga dai bai da aiki." Sai ga muryar na farina, da hayaniyar mitin bayanshi.

Ya ce a tambayi wancan yaron wa ye kakanshi. Ya ce shi zai faɗi in ba mai faɗi. Ya ce gidansu gidan Anna ne, su ka yanka baƙin bunsuru gindin dutse in damina ta ƙi, su ka zuba ma dutse jini da fura. Ya ce jinin da bai san alƙibla ba ba shi gyaruwa, ko an wanke shi da ruwan gulbi bakwai. Ya ce wanda ya fito daga tsatson nan ko kiwon jakai bai kamata a ba shi ba, balle komin. Mutane na tafi, ana buga gangar roba.

Waken da ke hannuna ban san sa'ad da ya zube ba. Surukata ta tsaida taɓarya ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce ta sake sa shi. Ta sake. Na ce ta sake. Sau uku na ji shi, ko kunnena ne ya yi ƙarya. Kunnena bai yi ƙarya ba.

Mutumin da ke riƙe da wuƙa gindin dutsen nan, ubana ne. Na gan shi da idona ina ƙarama, ya tuɓe riga, ya durƙusa, gari duka na bayanshi ana jiran ruwa. Shi ke ɗora ni bisa wuyanshi mu gangaro. Da ya rasu, ƙanenshi ya karɓi wuƙar, kuma ƙanen nan shi ne kakan yaron da ke takara. Uwata ta fito da ni daga garin ina shekara shida, ta auri wani malami nan ƙasa, shi ya koya mini salla, shi ya aurar da ni. Ɗiyar malam ake ce mini har yau. Waɗanda sunka san farkon zancen kusan duk sun kwanta dama. Mutanen bisa dutsen ma sun daɗe da barin yankan, masallacinsu ya fi namu girma. Dangin mijina sun sani, amma ba su so a tada maganar, ni kuma ban tada ba. Auta kaɗai na ba labarin, don shi ka zama kusa da ni. Na farin, ta ina zan gaya mishi? Wanda ko "zo ka ci" ban iya ce mishi kai tsaye?

Kafin azahar auta ya fidda shi. Ya saki murya gajera, ya ce, "Jama'a, konseye ya taɓa asali. Na fidda shi. Doka ba ta san wa da ƙane ba." 

Ai kuwa sai gurup ya kama da wuta. Surukata ba ta ko iya bin muryoyin. Wani ya ce, "Malam ya ga makulli ya ɗauka sarauta ce!" Wani daga Abijan ya ce, "An saye shi, wallahi an saye shi, ku dubi moton da zai hau bayan zaɓe." Wani na ɗaya ɓangaren ya ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗan halas, saura ka fidda masu yi mishi tafi." Wani tsoho ya shigo tsakiya shina tambaya ko an ga akuyar nan, ba wanda ya kula shi. Kafin la'asar mutanen na farin sun buɗe nasu gurup, rabin gari ya bi su. Muryar zagin kuwa, fidda mai ita bai kashe ta ba. Har Keita anka ji ta, har Buza.

Auta ya kira ni. Ya ce, "Inna, kin ji?" Na ce na ji. Sai layi ya yanke.

Kwana biyu bayan haka na farin ya zo, saura kwana shida zaɓe. Ya kafe moto ƙofar gida, ya shigo da ƙyallen parti a wuya, ya zauna bisa turmin da ke kife. Ya gaishe ni, na amsa ina duban ƙasa. Surukata ta kawo ruwa za ta gudu ɗaki, don ita ma kunyarshi take ji, na ce ta tsaya, ita za ta ɗauki magana.

Ya ce, "Yaya, yaronki ya tozarta ni. Masu cin rani duk cikin gurup nashi suke, su ka gaya ma gidajensu inda za su dangwala. Ya rufe mini baki ana saura sati. Ni ba ya jin tawa. Ke in kin ce ya maida ni, kafin in tada moto ya maida ni."

Gaskiya ya faɗi. Auta bai taɓa tsallake maganata ba.

Na dubi surukata na ce, "A tambaye shi, abin da ya faɗa, ya san mutanen?"

Ta buɗe baki, bai bari ta maimaita ba. Ya yi dariya ya ce, "Politik ce, Yaya. Kowa na jifa da abin da ya samu. Su ma sun ce na cinye simintin lakkol. Kuma ƙarya na yi? Ba Anna ba ne?"

Nan ne abin da ban taɓa yi ba ya faru. Na ɗaga kai na dube shi. Ban san yana da furfura gefen kunne ba sai ranar. Na ce, "Kai."

Surukata ta saki kwanon ruwa. Shi kuma ya waiga bayanshi, ya ɗauka da wani nike.

Na ce, "Da kai nike. Mai wuƙar nan gindin dutse, ubana ne. Jinin da ka ce ba shi wankuwa, shi ka gudu cikin hannun nan da kake nuna mutane da shi. Nonon da ka sha shekara biyu, na gidan nan ne. Yaron da ka ce ko jakai kar a ba shi, kakanshi da kakanka ciki ɗaya sunka fito."

 Ya cire ƙyallen wuyanshi ya share fuska. Na ga zai yi magana, na ce a raina yanzu zai ce in yafe mishi, kuma wallahi na riga na yafe kafin ya roƙa. Ya sunkuyo, ya rage murya, ya ce, "Wa da wa ya sani?"

Na ce, "Mi?"

Ya ce, "Ban da ke da auta. Wa ya sani? Yaya, don Allah a bar maganar nan cikin gida sai bayan zaɓe. In ta fita na mutu. Da ita za su kashe ni."

Na taɓa ganin ƙanƙara ta kashe gero ana saura kwana goma girbi. Na taɓa binne ɗiya biyu cikin wata ɗaya. Duk na san inda zan aje su cikin raina. Wagga ban san inda zan aje ta ba. Na maida idona ƙasa na ce ma surukata, "A gaya mishi makulli na hannun mai shi. Hanyar komawa ɗaya ce, ya san ta: ya janye da muryarshi. Ni ba ni sa baki." Ta faɗa mishi tana kuka. Ya tashi ya fita, ruwan ma bai sha ba.

Ban sa auta ya maida shi ba. Amma ɗaya abin da ya roƙa, na ba shi. Na yi shiru. Na hana surukata faɗi, na hana auta faɗi. Kwana shida ina jin ana sa muryar nan bakin rijiya ana dariya, ina wucewa da tuluna. Ɗana ne. Na kasa zama wadda za ta kada shi.

Ya ci zaɓe. Har yau bai janye ba, har yau auta bai maida shi ba. Ranar salla kowa da akushinshi.

Bayan sati biyu na ƙulla goro cikin gefen zane, na hau amalanke zuwa gindin dutse, sauran na taka da sanda. Rabona da garin tun ina ƙarama. Na tambayi gidan yaron da ya faɗi zaɓe, anka kai ni wurin gwaggonshi, ɗiyar ƙanen ubana, tsohuwa ta girme ni, idonta ɗaya ya tafi. Na durƙusa na aje goro, na fara faɗin ko ni wa ce.

Ta ce, "Tashi, ƙanwata. Wa bai san ki ba? Tafiyar ubanki gare ki."

Na ce na zo ban haƙuri ne, wanda ya yi zagin nan ɗana ne.

Ta ce, "Mun sani. Tun ranar da muryar ta iso mun sani. Samari sun so su maida mishi, har sun danna salula za su faɗi ko jikan wa ne shi. Yaronmu ya zo ya tambaye ni. Na ce a'a. Ɗiyar gidan nan na zaune cikinsu, ba mu tona ta a kasuwa don kujera. Na ce ku bari, ita da kanta za ta hawo."

Ta lalubo goron ta ɓare ɗaya, ta miƙo mini rabi.

Ta ce, "Kullum da hantsi nike sa a fidda mini tabarma bakin hanya. Kwana takwas, har ranar zaɓe. Mun ɗauka kafin zaɓe za ki zo."