Duwatsun Murhun Uwata

A Zango ba a kai ƙara kotu. Haka muka tashi muka tarar. In rigima ta taso, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, dattawa su ba wanda aka cuta haƙuri, wanda ya yi cutar kuwa a ce Allah ya shirye shi. Ni na karya wannan al'ada, kuma har yau ban yi nadama ba.

Rumfar da nake sayar da shinkafa da wake a cikinta, a wurin uwata na gaje ta, a ƙofar gidan wani tsohon ɗan kasuwar goro. Shi ya ba ta wurin tun ina goye. An raba goro, an shafa Fatiha, ta kafa duwatsun murhunta, shi ke nan. A ganin mutanen da, neman takarda a hannun Musulmi ɗan'uwanka zagi ne.

Da tsohon ya rasu, ɗansa ya dawo daga Turai da dogon buri, shaguna yake so ya jera a ƙofar gidan. Wata safiya ina cikin zuba wa mutane abinci ya iso da samari, ya ce kafin Juma'a in kwashe tarkacena. Tarkace wai. Murhun da ya ciyar da mu, ya aurar da mu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na fara da dattawa, kamar kowa. Na'ibin liman ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "Ke mace ne, bar magana. Kotu ba wurin mutunci ba ne." Na ce masa ai mutuncin nawa ne ake shirin zubarwa a kwata.

Washegari na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Bantama, wurin wata lauya. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce goro ba ya sa hannu, wurin ba zai zama nawa ba. Amma in akwai shaidar cewa da izini muka zauna, ba mai korata kamar kaza sai ya bi ta gaban alƙali. To, cikin waɗanda suka ci goron nan mutum ɗaya ya rage a duniya, na'ibin, wanda a lokacin ya daina amsa gaisuwata. Mata suka yi ta tsegumi, wasu masu saye suka ƙaurace mini. Ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na sa aka kira na'ibin ya ba da shaida.

Ranar shari'a, da aka miƙa masa Alƙur'ani, ya karɓa. Sannan ya ce, "Da bakina na ci goron, da hannuna na shafa Fatihar."

Alƙali ya bar wa magaji wurinsa, amma ya ba ni wa'adi har bayan babbar Sallah, ya kuma hana kowa taɓa ko da muciyata. Unguwa ta ce na faɗi. Su suka sani. Na tashi a ranar da doka ta sa, ba ranar da yaron nan ya ga dama ba. Duwatsun kuwa ban bar wa samari ba, da kaina na ɗauke su da sauran ɗuminsu, ina kuka, na tsallaka titi da su.

Mai gidan da na koma ƙofarsa, dattijon kirki, ya tarbe ni da goro. Na ci, muka shafa Fatiha, sannan na miƙa masa biro.