Gonar Inna Tsakanin Inshora Biyu

Daminar da na sa yayana ya soke inshorar gwamnati da ke kan gonar mahaifiyarmu, ina zaune a unguwar Faisal ta birnin Alƙahira, can saman wani bene da rana ke gasawa tun hantsi. Maigidana yana karatun fiƙihu, ni kuma ina sarin abayoyi da mayafai a kasuwar Ataba ina aika wa 'yan kasuwa a Kano. Gonar ta shinkafa ce, a fadamar garinmu, gadon mahaifinmu. Yaya ne ke nomawa, da ita Inna ke ci.

Inshorar ta shigo mana ne tare da takin tallafi: duk wanda ya karɓi taki sai an rubuta masa ita. Shekarar da ambaliya ta cinye rabin gonar sun biya, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma sai da wata daminar ta kama kafin abin ya iso. Kafin nan Yaya ya sayar da bijimin huɗarsa ya sayi iri. Bijimin nan ya daɗe yana tsaya mini a rai.

A Ataba akwai wani dattijo Bamisire da nake saye a wurinsa. Gobara ta taɓa cin shagonsa, na je jaje ina zaton ya tashi daga kasuwa, sai ga shi bayan ɗan lokaci ya buɗe, kaya har bakin ƙofa. Na tambaye shi sirrin, ya ce, "Takaful, ya madam." Da na koma gida maigidana ya yi mini bayani: mutane ne ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, wanda masifa ta samu a ɗauka a ba shi, kamfani kuma wakili ne kawai. Shi dama bai taɓa sakin jiki da waccan ta gwamnati ba. Na bincika, na samu wani kamfani a Kano da ke yi wa gonaki irin wannan. Na kira Yaya.

"Ke Auta, ana zaune ƙalau," ya ce. "Kina ƙasar da ba a ruwan sama, za ki koya mana zama da ruwa?"

"Yaya, bijiminka fa?"

Sai ya miƙa wa Inna wayar. Ita cewa ta yi, "Duk abin da kuka ga ya fi. Ni dai ruwa bai taɓa tsayawa a bakin gona ya nemi takarda ba."

Kamfanin ya ce ba ya hawa kan inshorar wani, sai mun kawo shaidar mun bar ta farko. Yaya ya hau babur ya tafi sakatariya. Ya ce jami'in da ke wurin ya tambaye shi ko sababbin sun riga sun sa hannu, ya amsa cewa ƙanwarsa ta gama komai daga Masar. Aka soke. Da muka kai shaidar, sai aka shaida mana cewa kariya ba ta fara aiki sai ma'aikacinsu ya taka ya ga gonar da idonsa. Ma'aikacin kuwa ɗaya ne, ƙauyukan da ke jiransa da yawa, ga damina ta yi ƙarfi.

Daga nan zama ya gagare ni. Alƙahira ta ɗauki zafi, sama fayau, ko gajimare babu, ni kuwa hankalina yana kan hadarin wani gari. In ina tafe a lungunan Faisal ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya ɗigo mini a ka daga saman bene, sai in ɗaga kai ina neman hadari. Na shiga mikrobas, ƙaramar motar hayarsu, na wuce inda zan sauka, sai da direba ya juyo ya ce an zo ƙarshen hanya. Wata mai shago a Kano ta ce in saya mata mayafai ruwan toka, na aika mata ruwan ƙasa. In muna tsallaka gada nakan leƙa kogin Nilu, kwance tsakanin katangu, lafiya lau kamar ba ruwa ba, in ji haushinsa ba gaira ba dalili.

Kullum da safe sai na kira kamfanin. Wata yarinya mai daɗin murya ce ke ɗauka. "Hajiya, ki yi haƙuri, yana hanya." Sai in kira Yaya in tambayi inda kogi ya kai. Tun yana amsawa da ƙafa da taku, har ya koma cewa, "Yana inda Allah Ya ajiye shi."

Maigidana ya gaji da zirga-zirgata tsakanin kicin da taga. Wata rana yana shan shayi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Kin ɗaure raƙuminki, saura tawakkali."

Na ce, "Malam, raƙumin nan na kwance shi daga wannan turken, ban kai shi wancan ba. A sake yake."

Ya ajiye littafinsa ya tafi ya ɗauko yara daga makaranta a madadina.

Ranar da ma'aikacin ya iso ina tsakiyar Ataba, tsakanin masu tura kaya da masu ihun farashi. Yaya ya kira ni ta bidiyo, na raɓe a jikin wani shago ina toshe kunne ɗaya. Saurayi ne da takalmin roba har gwiwa. Ya zaga gonar, ya gangara bakin kogi, ya tsaya yana duban zanen da tsohon ruwa ya bari a jikin wata kanya. Da ya dawo ya ce sun karɓi ɓangaren tudu. Na gangare, wanda ya fi ba da shinkafa, ba za su karɓa ba sai an ɗaga jinga ta tare ruwa.

"Na gwamnati duka suka rubuta," in ji Yaya, "kuma ba su taɓa zuwa nan ba."

Saurayin ya ce, "Baba, kuɗin manoma irinka ne a hannunmu. Ba zan rubuta abin da idona ya nuna mini ruwa zai ci ba."

Ɗaga jinga a tsakiyar damina ba ya yiwuwa. Muka sa hannu a kan rabi.

Ruwan ya zo bayan shinkafa ta fara ciki. An sako shi daga madatsa, ya kwana a gangaren ya ƙi tafiya. Tudun ya tsira. Wato abin da aka kare bai lalace ba, abin da ya lalace kuma babu mai biya. Yaya da kansa ya gaya mini, a taƙaice, bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa ɗin ma da na fi samun sauƙi. Bayan haka ya rage ɗaukar wayata, sai dai saƙon murya na gaisuwa ranar Juma'a.

Da rani ya kira gayya suka ɗaga jingar, ribar abayoyina ta wannan lokacin ta tafi can. Na ɗauka da an gama za mu kira kamfanin su karɓi gonar baki ɗaya. Inna ce ta gaya mini, cikin hira, cewa Yaya ya riga ya koma sakatariya ya rubuta gangaren a wurin gwamnati, ya bar wa kamfanina tudun.

Na kira shi, ya ɗauka a bugun farko.

"Yaya, ko shawara?"

"Naki yana nan, ban taɓa shi ba. Nawa kuma na mayar inda na sani. In ruwa ya zo sai mu ga wanda zai riga wani isowa." Ya yi dariya. "Shi ke nan, khalas. Ba haka kuke cewa a can ba?"

Na ce haka ne. Na tambaye shi irin da zai shuka bana, ya ce shinkafa mai saurin nuna ya samo, wadda ake girbewa kafin kogi ya cika. Muka daɗe a kan wannan maganar, har katin wayata ya ƙare.