Ɗiyar Fari a Bencin Baya

Na daɗe ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma, kuma kurakuran ɗalibai na san su kamar yunwar cikina. Akwai masu cinye makon farko na zango a gida, wai ai shara da cirar ciyawa kawai ake yi. Akwai masu jingine littafi sai jarrabawa ta ƙwanƙwasa ƙofa, sun manta ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan duk bakina ya ishe su. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne yaron da abu ke damunsa, ki ce "Kun gane?" ya buɗe baki tare da kowa ya ce "Mun gane." Wannan kuwa a cikin gidana na same shi, wurin ɗiyar yayata.

Mu 'yan wani ƙauye ne a yankin Kurfi. Kakanninmu Fulani ne. Shanun sun ragu, Fillancin ya gudu daga bakinmu, amma kunya tana nan daram. Yayata, wadda nake kira Adda, ba ta taɓa kama sunan ɗiyarta ta fari ba. "Waccan" take cewa. Ba ta yi mata wasa, ba ta zama hira da ita. In za ta ba ta fura sai ta dire ƙwaryar ta ce wa iska, "Ga fura nan in da mai sha." Yarinyar ta tashi tana jin ina cewa Adda, ita ma ta ɗauka, har yau haka take kiran uwarta. Ni kuwa take kira Inna.

Da ta gama firamare mahaifinta ya so ta zauna ta kama aikin gida, don ƙannenta suna da yawa. Adda ce ta aiko mini ta bakin wata mai kawo nono kasuwa, wai in zo in roƙi mijinta ya ba ni waccan ta yi karatu a hannuna, kuma kada in kuskura in ce ita ta aiko. Na je na yi ta magiya har ya gaji da ni.

"To Malama, shekara guda," in ji shi. "In kanta ya ɗauka, falillahil hamdu. In bai ɗauka ba ki maido mani ɗiyata, ga aiki nan na jiran ta."

Mutum ne mai magana ɗaya, duk ƙauyen an san shi da haka.

A gida yarinyar ba ta da abin kushewa. Kafin in ce a yi, ta yi. A makaranta kuwa ta je ta liƙe a bencin baya, wai kada a ce ɗiyar Malama tana nuna kai. Ba na koyar da ajinsu, don haka ban san wainar da ake toyawa ba sai da sakamakon zangon farko ya fito, na gan ta can kusa da wutsiya. Na buɗe littattafanta na ga ashe daga na maƙwabciyarta take kwafa, har da kurakuran. Na yi faɗa kamar zan ari baki. Na ce mata matambayi ba ya ɓata, in ba ta gane ba ta ɗaga hannu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna." Abin da na samu ke nan.

Sai kuma ƙorafi ya fara zuwa ta wata kafar. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure ta ce, "Malama, ɗiyar nan taku ta fara jin kanta 'yar birni. Na ɗaga mata hannu a hanya, ta wuce ni kamar an dasa icce." Na ba ta haƙuri, na ja kunnen yarinyar, ta sake cewa "To, Inna."

A tsakiyar zango na biyu, wata ranar kasuwa, na fito bayan ɗalibai sun watse sai na hango Adda tsaye a ƙarƙashin dalbejiya, tsallaken titi daidai ƙofar makaranta. Adda da ba ta son shiga gari ko da kiran biki. Na tsallaka da gudu-gudu, na tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya lau," ta ce. "Kasuwa na zo, na ce bari in biyo." Ta murza bakin mayafinta. "Na ga waccan ta hito. Ta dube ni, ido cikin ido, ta wuce."

"Ba ki kira ta ba?"

Ta yi mini kallon da take yi mini tun ina yarinya in na yi shirme. Ina za ta kira ta, da wane suna?

"In haka bokon yake," ta ce a hankali, "gara shekarar ta cika ta dawo gida."

Ko ruwa ta ƙi biyo ni ta sha, ta nufi tasha. Na san in Adda ta janye hannunta, karatun ya ƙare ke nan, don ba mai tsaya wa yarinyar a gidan sai ita. Na hau mashin ina tafasa, tun a hanya nake jera maganganun da zan zazzage mata.

Na iske ta a ƙarshen tsakar gida tana wankin kayan makaranta. Haushi ya hana ni ko sallama. Na tsaya a bakin zaure na yafito ta da hannu. Ta ɗago, ta ƙanƙance idanu, ta tsura mini su. Ranar sabon mayafi na saka, wanda ba ta saba gani a jikina ba.

"Sannu da zuwa," ta ce da ladabi. "Inna ba ta dawo ba tukuna."

Duk faɗan da na ɗauko ya zube. Na ce, "Ke, ni ce." Ta zabura, sabulu ya suɓuce daga hannunta. Na ɗaga yatsuna na ce ta faɗa mini nawa ne. Sai kawai ta fashe da kuka.

Na jawo ta muka zauna a kan turmi da kujera 'yar tsugunno. Ashe allo a wurinta baƙi ne da farin dabbare-dabbare, tun ƙarshen firamare abin ya fara. A ƙauye ta ci nasara ne don malaminsu yana karantawa da baki, ita kuma tana haddacewa. Mutane kuwa da murya da launin tufafi take gane su.

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Tsoro nake ji a ce idona ya lalace a maida ni gida," ta ce. "Kuma kunya nake ji, Inna."

Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi. Wata da watanni tana zaune a baya tana cewa "Mun gane," tana ɓoye abin da zai mayar da ita gida don gudun kada a mayar da ita gida. Na faɗa mata Adda ta zo, ta tsaya a ƙofar makaranta. Ta dube ni kamar na yi mata tatsuniya. "Adda? Wurina?" Ba ta yarda ba, na ga alama.

Na kai ta asibitin ido a Katsina aka auna ta aka ba ta tabarau. A bas ɗin dawowa ta hana ni sakat, ba allon shagon da ba ta karanta mini ba, har da na mai faci. Na aika wa Adda da bayani ta bakin mai nonon nan. Amsar da ta dawo ita ce, "Ashe." Sai kuma ƙullin fura mai yawa, wai in da mai sha.

Washegari ta koma bencin gaba. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata Likita, ta sha tsiya, ta shanye. Ranar da malamin lissafi ya kawo mini ƙararta wai ta ishe shi da tambaya, saura kaɗan in yi guɗa a ofis. Ba ta zo ta ɗaya ba a ƙarshen shekara, ba zan yi ƙarya ba, amma ta baro wutsiya nesa. Da na kai ta hutun damina mahaifinta ya sa na karanta masa sakamakon, ya daɗe yana kallon tabaran, sannan ya ce, "To, kan ya ɗauka. Ido ne ya so ya yi mana gardama. Ta ci gaba." Adda tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Da hutu ya ƙare na je ɗauko ta. Ta durƙusa ta yi wa uwarta sallama, Adda ta ce wa rariya, "Allah ya kiyaye hanya." Muka kamo hanyar da ta miƙe tsakanin gonakin gero zuwa bakin titi. Mun yi nisa sai yarinyar ta waiwaya, ta ja ta tsaya.

"Inna, Adda ce can tsaye a bakin darni. Mi take jira?"

"Ba abin da take jira," na ce. "Duk ranar da za ki tahi nan take tsayawa har sai kin ɓace. Tun tahiyar farko."

Ta gyara tabaranta ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga hannu sama. Adda ta yi maza ta kama gyaran darnin da ba abin da ya same shi.

"Ta gan ni," in ji yarinyar. "Inna, dariya take yi."