Gonar da Sani Japon Ya Bar Mini

Duk wanda ya san Sani Japon ya san ba ya amfani da abu sai ya hura shi. Kafin ya cusa kaset ɗin wasa a na'ura, sai ya juyo bakin kaset ɗin, ya kanne ido ɗaya, ya bi shi da iska daga wannan gefe zuwa wancan, wai ƙura yake kora. Da abin ya tsaya a kan kaset, da babu mai magana. To amma mutumin nan yana hura makulli kafin ya buɗe ƙofa, yana hura waya in ta ƙi kira, har cokali bai tsira ba. Ranar da keken ɗinkina ya cije ana jibi Sallah, ina zufa, kayan mutane jibge a gabana, sai ya leƙo shago ya ce, "Ramatu, an hura kuwa?" Na wurga masa takalmi, ya kauce, ya ɗauki takalmin ya hura ya miƙo mini.

Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Yana ce mini baiwarsa, ina ce masa bawana, har ya koma ga Allah ba mu raba wannan gardama ba. Saboda haka ni kaɗai ke da ikon zaginsa a garin Filinge, kuma ban ba kowa aro ba. Abin da ya sa na faɗi haka, a wurin zaman makoki na ji da kunnena ana cewa, "Allah sarki, ya tsufa da wasan yara, bai bar komai ba sai tarkace." Raina ya ɓaci ƙwarai. Masu faɗin nan, rabinsu a zaurensa suka girma suna danna manet, madannin wasan, kyauta, yau sun yi gemu sun manta. Kuma ƙarya ne a ce bai bar komai ba. Ya bar gona, ni ya bar wa, sai dai gonar tana cikin kaset, kuma ranta yana rataye da wani pil, ɗan batirin da bai fi maɓallin riga ba.

Ga wanda bai san mafarin abin ba, a Kwatano ya samo cutar. Yana saurayi ya tafi can yana wanke motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa, sai ya tsinci wata tsohuwar na'urar wasa da kaset uku a bayan wata mota, duk rubutun jikinsu na Japon. Shi ke nan. Samarin ƙasarmu ta Kurfai na dawowa daga bakin teku da rediyo da kwanon rufi, shi ya dawo da kwalaye. Gwaggo, uwarsa, ta buɗe ɗaya tana tsammanin atamfa, ta tarar da ƴan robobi masu hoton dodanni. Tun daga ranar sunan Japon ya bi shi.

Kuma fa ba kowane kaset yake so ba. In ka kawo masa mai Faransanci, sai ya riƙe shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera ya mayar maka, wai an surka shi da ruwa. Dole sai na Japon, da kwalinsa, da ƴar takardar da ke ciki, alhali ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba. Mutumin da ba ya sayen ruwan sanyi a tasha, wai tsada, na gan shi da idona ya dawo daga kasuwar tsoffin kaya ta Yamai, kwalinsa zaune a kujerar gaba kusa da direba, shi kuma yana bisa kan mota tare da buhunan albasa. Na ce, "Bawana, mi ya kai ka sama?" Ya ce, "Su baƙi na, ba su saba da hanyarmu ba."

Wata ranar kasuwa yana zaune a ƙofar zaure yana ta hure-hurensa, sai ga wata tsohuwa daga wajen Damana riƙe da jikanta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta durƙusa.

"Malam, ga jikana, kunne ka yi mishi ciwo. Ka tohwa mishi awa yadda kaka tohwa ma allunanka."

"Inna, ni ba malami ba na. Wanga ba allo ba na, wasa na."

"To rubutun mi na bisa?"

"Na Japon na."

"Yo shi nika so," in ji ta. "Na gida dut mun gwada."

Ya yi juyin duniya ta ƙi tashi. Ƙarshe ya hura wa yaron kunne, ya kuma raka su har wurin likita. Da kasuwa ta zagayo sai ga ta da kaza, wai ladan tofi, likita kuwa ko sannu bai samu ba. Sani ya karɓi kazar, ko kunya bai ji ba.

Abdu mai gyaran rediyo, wanda ke duba masa na'urorin, ya sha gaya masa gaskiya. "Japon, miyaunka ka sa ma haƙoran kaset tsatsa, ka bar hurin nan." Sani ya ce, "Tun ba a haihe ka ba nika hurawa, wane ɗaya yam mutu?" Abdu ya nuna masa kwali guda cike da matattu a kusurwar ɗaki. Sani ya dube su ya ce, "Waɗancan tun can Japon ba a hura su da kyau ba."

Yanzu ga maganar gonar. A cikin tarin nan akwai wani wasa da ba a harbi ba a tsere, noma kawai ake yi. Ana ba ka fili cike da duwatsu da kututture, ka share, ka shuka, ka ba da ruwa. Wata shekara ruwan shuka ya sauka, gari ya fashe kowa ya nufi daji da sungumi, Sani yana zaune gaban tele. Matarsa Bibata ta tsaya masa a ka, ta ce in bai tashi ba za ta saka kaset ɗin a turmi. Ya ce ai shi har ya yi girbi sau biyu tun safe. Ta tsaya tana kallon abin da yake kira girbi, can ta yi tsaki.

"Ko cikin tele ba ka iya noma ba. Dubi layinka awa tahiyar maciji. Ba ni nan."

Ta karɓe manet, kuma bai sake komawa hannunsa a kan wannan wasa ba. Da safe ta kora shi gonar hatsi ta gaskiya, da la'asar ita ta zauna ta gyara ta cikin kaset. Ta miƙe layuka, ta yi shinge, ta sayi kaji. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ko wannan gona ta rage musu wani abu, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai san in ka wuce gidan bayan la'asar za ka ji su suna gardama a kan inda za a haƙa rijiya, kamar gobe za a sha ruwanta.

A lokacin ne aka yi wata baƙuwa ƴar Japon a garin, tana aikin rijiyoyi a ƙauyuka. Sani bai bar ta ta huta ba sai da ya jawo ta gidansa. Akwai wani tsoho mai hula a cikin wasan, wanda Sani ya naɗa Sarkin Noma. Kullum sai ya sa Bibata ta fara zuwa gidansa gaisuwa, rubutu ya fito a ƙasan tele, Sani ya shafa fuska ya ce amin, wai albarka ake sa musu. Baƙuwar ta karanta, ta rufe baki tana dariya, ta ce tsohon mai shago ne, cewa yake bai buɗe ba tukuna, a daina shigo masa da sassafe. Sani ya juyo gare mu ya rage murya. "Wagga ɗiyar birni ta, ba ta jin Japananci na ƙauye." Baƙuwar ta ce, "Amma ina jin Hausa." Bai fasa cewa amin ba har ƙarshen ransa.

Ranar ce kuma aka ci amanata. Bibata ta sayi saniya a wasan, ana neman suna, sai ta raɗa wa baƙuwar wani abu, ita kuma ta danna shi da haruffan Japon. Sai bayan an gama aka gaya mini wai sunan saniyar Ramatu, saboda ba ta rufe baki. Har gobe ban yafe ba. Shekaru ina wucewa ta ƙofar gidan ina jin Sani yana ɗaga murya don in ji: "Bibata, kin ba Ramatu dusa? Ga ta nan ta soma."

Da Bibata ta rasu, Sani bai taɓa ko dutse ɗaya a gonar ba. Bai ƙara layi ba, bai sayar da kaza ba. Kullum bayan la'asar zai hura kaset, ya kunna, ya ba shuka ruwa, ya shafa saniya, ya kashe. Na ce masa, "Bawana, in ka kashe abin ga, gonar ma kwana takai, ba ta bushewa. Mi na na wahala?" Ya ce, "Bibata ba ta taɓa hwashi ba." Ban sake yi masa wannan tsiyar ba.

Abdu ne ya tayar mana da hankali. Ya ce duk abin da Bibata ta gina, wani ɗan pil ne a cikin kaset ɗin ke riƙe da shi, kuma pil ɗin ya daɗe da wuce kwanansa. Ranar da ya mutu, gona za ta koma duwatsu da kututture kamar ba a taɓa nomanta ba. In an cire shi haka kawai don a sa sabo, nan ma ta tafi. Dabara ɗaya ce: a buɗe kaset, a canja pil ɗin alhali yana cikin na'ura tana kunne. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, shi ke nan. Ku kuwa kun san halin kuran, wutar lantarkinmu. Ranakun da Sani ya sa sun fi a ƙirga, in Abdu ya zo da kayan aiki sai ya ce yau gabansa na faɗuwa, a bari sai jibi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika aka kira ni. Na tarar ya rame, kaset ɗin yana ƙarƙashin matashinsa.

"Baiwata, gonar Bibata taki ta."

"Gonar da ba ta ba da ko dame guda? Mutane na barin shanu, kai ka bar min aiki."

"Ai da saniya ciki. Wa ka jure kukanta in ba mai sunan ba?" Ya yi tari, sannan ya ce, "Ki sa Abdu shi canza pil ɗin."

"Kai ka kasa, ni za ka ɗora ma?"

"Ke ba ki da tsoro," in ji shi. "Kunya ma ba ki da ita."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma da zagi ya rufe ta, bai bar mini damar ramawa ba. Wannan ma yana cikin abin da nake riƙe da shi.

Bayan addu'ar bakwai na shiga gidan na tarar an fito da kwalayen tsakar gida, cikin rana, ƙanensa Hamidu yana jiran mai sayen tsoffin ƙarafa. Abin da mutum ya hau saman mota dominsa, shi za a ɗora a sikeli. Ban san lokacin da na ɗaure gyale a ƙugu ba. Abin da na gaya wa Hamidu ba zai maimaitu a nan ba, amma maƙwabta sun ji, kuma a amalanke aka kai kayan shagona kafin azahar.

Ban yarda da kuran ba. Na sa Abdu ya haɗa na'urar da batirin hasken rana da nake ɗinki da shi, ta bi ta taransfon Sani, wani akwatin rage ƙarfin wuta mai nauyin dutsen niƙa da yake cewa in babu shi wutarmu za ta ƙone baƙinsa. Na rufe shago da rana tsaka, na sallami masu jiran ɗinki. Abdu ya cire wa kaset riga, ya cusa shi tsirara, gona ta fito. Ya kama aiki da ƙarfensa mai zafi, ni kuma na kafa wa tele ido ina karanto duk abin da na haddace. Da ya gama ya kashe, ya mayar da rigar, ya cusa, ya kunna.

Tele ta yi baƙi ƙirin. Ya kashe ya sake kunnawa, babu komai. Abdu ya share zufa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Ba wasa na gani ya tafi ba, layukan Bibata na gani, da la'asar ɗin Sani duka.

Sai na ture shi, na zare kaset ɗin, na juyo bakinsa. Ni Ramatu, da na yi shekara da shekaru ina yi wa mutumin nan dariya, na kanne ido ɗaya na hura daga wannan gefe zuwa wancan. Abdu ya buɗe baki zai yi maganar tsatsa, na harare shi ya rufe. Na cusa, na kunna.

Ga shinge, ga layuka a miƙe, ga kaji. Ga kuma takwarata a tsakiyar garke, ta buɗe baki tana ta kuka don ba a ba ta dusa ba. Na zauna a kan tarin yadin mutane, ni da ita muka yi ta yi.

Yanzu kullum bayan la'asar nakan tsayar da keke in ba shuka ruwa. Nakan biya gidan tsohon nan mai hula, rubutu ya fito, in ce amin. Wanda ya ga dama ya ce wasan yara ne, amma kada ya faɗa a gabana.

Allah ya jiƙan bawana Sani, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya haɗa shi da Bibata a gonar da ba ta bushewa, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.