Kawu Idi da kunnen Rakiya

Wata takwas da haihuwar Rakiya hankalina bai kwanta ba. In na kira ta ba ta waiwayo, in na tafa sai ta ci gaba da tsotsar yatsa. Na riga na yanke a raina kurma na haifa. Wanda ya cire mini wannan ƙaya, wallahi ba za ku yarda ba, Kawu Idi ne, bakaniken nan na bakin kasuwar Jugu, yayan mahaifiyata.

Kun dai san shi. Turnabis doguwa, wato sukudireba, baki kan inji, ƙota a kunne, ido a rufe. Kafin ya taɓa delko, abin nan mai raba wa buji, wato fulogi, wuta, sai ya daka tsawa: "Shiru!" Har mai daka a maƙwabta sai ta ɗaga taɓarya.

Na taɓa tambayarsa me yake saurare.

"Ɗiyata, wutar inji kamar sallama ce. A bakin ƙofa ake yin ta. Ka yi daga nesa, hauka. Ka yi bayan ka zauna, rashin kunya."

Wani ya kawo masa fitilar da ake saita wuta da ita, daga Kwatano. Ya juya ta, ya mayar. "Kai wa marasa kunne." Allin da yake yi wa fuli, faifan da bel ɗin inji ke juyawa a kai, alama kuwa guda ɗaya ne, a hularsa yake kwana. Tun ina budurwa nake ganin allin nan, ya koma kamar ƙwayar gero, amma a nemi aro? "Je makaranta, can ake rabawa!"

Rannan zai tafi Juma'a da babbar riga, taksi ya wuce yana tari. Kawu ya bi shi da gudu yana ihu, "Wutarka ta makara!" Direba ya zaci ɓarawo ne, ya ƙara mai. Kawu kuma ya rasa huɗuba.

To, ranar da mijina Mamman zai kai mu Paraku wurin likitan kunne, Kawu ya tare gaban mota.

"Wannan ba ta fita. Tana ƙwanƙwasa."

"Kawu, don Allah, layi ake bi!"

"Layin ba ya gudu."

Ina tsaye da goyo, hawaye ya cika mini ido. Ya sassauta delko, ya murɗa gaba. Inji ya hau ƙas-ƙas-ƙas. Sai Rakiya ta callara kuka! Ya mayar kaɗan, inji ya lafa, ta yi shiru. Ya dube ta. Ya sake murɗawa, kuka. Ya mayar, shiru. Sau huɗu, jama'a!

"Kawu, ka bar wasa da yarinya!"

"Wannan ce kurma? Ta fi mijinki ji, shi da ya shekara yana tuƙa motar a haka. Ke ce dai ba ta ga damar amsa wa ba, kin cika kira."

Mun je Paraku duk da haka. Likita ya gwada, ya ce kunnenta ƙalau. Da na gaya wa Kawu ya ce, "Nawa ya karɓa?"

Yanzu Rakiya surutu kamar rediyo. Shi bai kai ya ji maganarta ta fari ba, kwana tara kacal kafin nan ya rasu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa. Don Allah, wanda ya karanta wannan ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.